Gajiyar da barci ba ya kore ta: amsa ga wata uwa a Jidda

Tambaya: Assalamu alaikum likitoci. Ni matar aure ce a Jidda, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, ƙaramin yana da wata goma. Kusan wata shida ke nan kullum a gajiye nake, ko na yi barci haka nake tashi jiki a mace. In na hau bene hawa biyu sai haki da bugun zuciya. Gashina yana zuba. Tun da aka sa mini robar tsarin iyali a mahaifa al'adata take kai kwana takwas ko tara, da gudaji. Ga wata ɗabi'a da na tsira ta tauna ƙanƙara. An yi mini ƙarin ruwa sau biyu a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na sha bitamin D da maƙwabciyata ta ba ni, ba abin da ya canza. Maigida yana ganin son jiki ne, surukata kuma ta ce a nemi tofi. Don Allah me yake damuna? Daga wata uwa a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya zuri'a. Ki gaya wa maigida cewa son jiki ba ya sa mace haki a kan bene, ba ya kuma sa ta tauna ƙanƙara. Addu'ar da surukarki ta kawo shawara a yi ta, amma a haɗa da zuwa asibiti, domin abin da kika zayyana yana da suna, yana da gwaji, yana kuma da magani.

Cikin duk abin da kika rubuto, ƙanƙarar nan ce ta fi jan hankalinmu. Kwaɗayin tauna ƙanƙara, ko farar ƙasa, ko ɗanyar shinkafa, alama ce da likitoci suka daɗe da sani ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ki haɗa shi da haihuwa huɗu, da al'adar kwana tara mai gudaji, da haki, da zubar gashi: zato mafi ƙarfi shi ne jini yana fita daga jikinki fiye da yadda jikin yake iya mayarwa. Amma zato ne. Ta wasiƙa ba a gane cuta, kuma akwai wasu cututtukan da ke kama mace cikin shekarar da ta haihu da irin wannan kamanni, wani lokaci ma biyu a haɗe.

Ƙarin ruwan da aka yi miki ruwa ne da gishiri ko suga, wani lokaci a zuba masa bitamin ya yi launin ɗorawa. Yana da amfani ga wanda zafin Jidda ko gudawa suka tsotse wa ruwan jiki. Ba ya ƙara jini ko ɗigo ɗaya. Daɗin da ake ji bayansa na kwana ɗaya ne ko biyu, rabinsa ma na kwanciyar awa biyun da aka yi a gadon asibiti ne ba yaro a kai. Kuɗin leda biyun nan da gwaji aka yi da su da sun fi amfani.

Ki je da safe, bayan kin yi awa takwas ba ki ci komai ba sai ruwa, a ɗebi jini sau ɗaya a duba waɗannan: CBC, gwajin ƙwayoyin jini, wanda a ɗakunan gwaji ake ce wa surat dam da Larabci, feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki, wato makhzun al-hadid, TSH na tayirod, ƙwayar gaban wuya da ake kira gudda darakiyya, sugan azumi tare da HbA1c mai nuna matsakaicin sugan watannin baya, wanda suke kira sukkar tarakumi, aikin ƙoda da na hanta, bitamin B12 da bitamin D. Idan akwai ko ƙanƙanin shakka, a haɗa da gwajin ciki, domin sabon ciki yana cikin abubuwan da suka fi sa mace kasala, kuma roba ba ta hana shi ɗari bisa ɗari. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi masu ɗauke da biyotin, ki dakata da su kwana uku kafin gwajin, suna rikita sakamakon TSH.

A takardar CBC ki nemi layin Hb, himogulobin ke nan, abin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran jiki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mace da ba ta da ciki in nata ya gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki 11, namiji 13. Ga inda ake yawan yin kuskure: a ga Hb ya kai 12 a ce wa mace lafiyarta ƙalau, ba a duba feritin ba. Hb tamkar abin da ke cikin tukunya ne, feritin kuma rumbu. Rumbu yana iya ƙarewa tas tukunya tana kan wuta tukuna, kuma tun a wannan matakin mace tana iya jin gajiya, gashi ya zuba, ƙafafu su hana ta sakat da dare. Feritin ƙasa da 15 ƙarancin ƙarfe ne babu musu, likitoci da yawa kuma suna fara magani tun daga ƙasa da 30. Sai dai zazzaɓi ko kumburi a jiki yana ɗaga shi ya nuna kamar akwai alhali babu, don haka kada a yi gwajin ana tsakiyar mura ko wani ciwo.

Akwai wani layin, MCV, mai nuna girman ƙwayoyin jini. Ƙasa da 80 ƙwayoyin sun ƙanƙance, yawanci saboda rashin ƙarfe. Amma in MCV ya yi ƙasa feritin kuwa cike yake, to a yi tunanin talasimiya, ciwon jini na gado, wanda ake samu a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da kuma nan Saudiyya, shi ya sa tun 2004 aka wajabta gwajinsa da na sikila kafin aure. Mai irin wannan ko shekara ta yi tana shan ƙarfe ba zai gyaru ba, tara shi kawai take yi a jiki. Wadda jininta AS ne kuma kada ta ɗora wa AS laifin gajiyarta, shi kaɗai ba ya kawo ƙarancin jini.

Idan gwaji ya tabbatar da ƙarancin ƙarfe, maganin mai arha ne, amma yadda ake shansa ne yake lalata wa mutane aiki. Ƙwayar da aka fi bayarwa, feros salfet mai miligiram 200, tana ɗauke da ƙarfe miligiram 65. Ɗaya a rana ta isa. A da akan ce sau uku, daga baya aka gano cewa da zarar ƙarfe ya shiga, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin da ke rufe ƙofar hanji kusan kwana guda, sai ƙwaya ta biyu da ta uku su wuce kusan a banza, su bar ki da tashin zuciya da taurin bayan gida. Wadda ɗaya a rana ta dama, ta koma shan ɗaya yau, gobe hutu. A sha da ciki wayam, da ruwa ko ruwan lemo, awa ɗaya kafin abinci. Shayi, gahawa, madara, laban, ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwannafi duk suna hana shi shiga, a bar tazarar awa biyu tsakani. Wannan batu na shayi ba ƙarami ba ne a gidajenmu na nan, inda butar shayi take sauka tare da faranti: kofin da ake kurɓa a kan abinci yana rage ƙarfen da hanji zai tsotsa daga dangin wake irin su ful da adas, da ganye, ƙwarai da gaske. Ba mu ce ki bar shayi ba, ki jinkirta shi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai. Maganin ba ya hana shayarwa. Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne yara: ƙwayoyin suna kama da alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. A kulle su a sama.

Cikin mako uku zuwa huɗu ya kamata Hb ya hau da kamar 1 zuwa 2. Kwaɗayin ƙanƙara sau da yawa yakan gushe tun kafin nan. A daidai wannan lokacin ne mata suke jin ƙarfi su ajiye magani, bayan 'yan watanni su koma gidan jiya. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha wata uku bayan Hb ya daidaita, domin ajiyar ta cika. Wadda cikinta ya ƙi ƙwayar sam, ko jininta ya yi ƙasa sosai, ana ba ta ƙarfen ta jijiya a asibiti, zama ɗaya ko biyu. Ƙarin jini kuwa sai Hb ya faɗo wajen 7, ko zuciya ta fara galabaita. Abinci yana taimakawa: hanta, jan nama, kifi, wake, zogale, a matse lemon tsami a kai. Amma abinci kaɗai ba ya cike giɓin da ya riga ya yi zurfi. Dabino da zoɓo da lemon malt da madara da ake haɗa wa mai jego ƙarfen cikinsu kaɗan ne, madarar ma tare hanya take yi.

Duk wannan aikin banza ne in ba a tsayar da zubar ba. Al'adar da ta wuce kwana bakwai, ko ta sa ki canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ki tashi cikin dare ki canza, ko take fitar da gudaji masu girman tsabar riyal, ta wuce ƙima. Robar mahaifa iri biyu ce. Mai ɗauke da jan ƙarfe, wato tagulla, sananniya ce wajen ƙara yawan jini da tsawon kwanaki, musamman a watannin farko. Mai sinadarin homon kuwa rage jinin take yi, har ana sa ta a matsayin magani. Ki tambayi likitar mata wacce aka sa miki, a yi hoton mahaifa a ga ko ta zauna daidai, a kuma duba ƙarin mahaifa da ake kira fayibiroid, wanda ya fi yawa a jikin mata baƙar fata. Akwai ƙwayar taranekzamik asid da ake sha a kwanaki uku ko huɗu da jini ya fi zuba, tana rage shi sosai, amma likita ce za ta rubuta, domin ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Ga mai karatu namiji, ko mace da ta daina al'ada, lamarin daban ne: in aka same su da ƙarancin ƙarfe sai an leƙa ciki da hanji da na'ura, domin gyambon ciki ko ciwon dajin hanji suna zubar da jini a ɓoye.

Abu na biyu da muke so a duba miki da kyau shi ne tayirod, ƙwayar da ke gaban wuya wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Kusan mace ɗaya cikin ashirin tana samun kumburinta a shekarar da ta haihu. Yakan fara da 'yan makonni na bugun zuciya da gumi da rama, sannan tsakanin wata huɗu zuwa takwas ta yi sanyi: kasala, jin sanyi har mace ta riƙa kashe na'urar sanyaya ɗaki kowa yana gumi, bushewar fata, taurin bayan gida, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, mantuwa, da yawan jinin al'ada. Kin ga lokacin ya yi daidai da naki. TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka. In ya hau, ƙwayar ce ta yi rauni, sai a ƙara gwajin T4, sinadarin da ƙwayar take fitarwa, a tabbatar. Maganin, lebotayiroksin, ana shan sa da ruwa zalla rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, a sake gwaji bayan mako shida zuwa takwas a daidaita adadin. In aka haɗa miki shi da ƙarfe, a raba su da awa huɗu, wannan da asuba, wancan da rana, in ba haka ba ƙarfen zai riƙe shi a hanji. Wasu matan ƙwayar tana farfaɗowa cikin shekara, wasu kuma sai dai su ci gaba da magani. Wadda ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa, daga nan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala, ta faɗa wa likita wannan tarihin da bakinta, domin wata ƙwaya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take lalacewa, kuma TSH kaɗai ba ya nuna ta.

Hakin nan ma ba za mu wuce shi ba. Ƙarancin jini yana kawo shi, amma akwai raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun sa a duniya. Alamunsa: ƙafa ta kumbura har yatsa ya lotsa, ki kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, tari ko shaƙewa su tashe ki cikin dare. In kina da ko ɗaya daga ciki, kada ki jira sakamakon jini, ki nemi a yi miki hoton zuciya, ki kuma bar kunun kanwa da yawan gishiri. Ciwon ƙirji, suma, haki kina zaune, ko jinin da ke jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, na gaggawa ne, a kira motar asibiti a 997. Don tambaya kuwa akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

Ciwon suga ba sai an daɗe a kansa ba, kowa a nan ya san mai shi, Saudiyya tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. Sugan azumi 126 zuwa sama, ko HbA1c 6.5 zuwa sama, in an maimaita ya tabbata, ciwon ne. Daga 100 zuwa 125 ana bakin ƙofa. Ƙishirwa, yawan fitsarin dare da ƙaiƙayin gaba mai dawowa su ne 'yan rakiyarsa, kuma wadda suganta ya hau lokacin ciki ta fi kusa da shi. Mun ce a yi gwajin biyu tare ne saboda ƙarancin ƙarfe yana iya ɗaga HbA1c a kan ƙarya. Masu shan metfomin shekara da shekaru su kuma B12 ɗinsu yakan ragu, ya kawo gajiya da sagewar ƙafa.

Sai bitamin D, wanda a ganinmu an fi ɗora masa laifin da ba nasa ba. Gaskiya ne ƙarancinsa ya yi yawa a nan: rana tana da zafin da ba a zama a cikinta, ana yini a ɗaki, fata mai duhu kuma tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa shi. Don haka da yawa daga cikin matan da aka gwada za a samu nasu ƙasa da 20, sai a ce an gano matsala, a daina bincike. Ƙarancinsa mai tsanani ciwon ƙashi yake kawowa da raunin cinyoyi, irin wanda mace sai ta dafa ƙasa ko bango kafin ta miƙe daga sujada. In an tabbatar, ana ba da ƙwaya mai 50,000 sau ɗaya a mako har mako takwas, sannan a koma 1,000 zuwa 2,000 a rana. Ki duba kwalin da maƙwabciyarki ta ba ki. In mai 50,000 ce kuma kullum kike sha, ki tsaya, ki faɗa wa likita, domin yawansa yana ɗaga kalsiyam a jini, ya kawo ƙishirwa, tsakuwar ƙoda, da wata sabuwar gajiyar.

Akwai abubuwan da jini ba ya nunawa, sai an yi tambaya. Awa nawa kike barci a jere? Tsarin garin nan na raba dare ana hira da kasuwa, a kwanta ƙarfe biyu, a tashi asuba, a shirya 'yan makaranta, ga mai shan nono, ba ya barin uwa ta samu awa bakwai ɗin da jiki yake bukata. Gahawar bayan la'asar ma rabinta tana nan a jini bayan awa biyar. Ki tambayi maigida ko kina minshari, ko numfashinki yana ɗaukewa ki farka da shaƙewa. Wannan cuta ce mai zaman kanta, ta fi kama masu jiki, tana tafe da hawan jini da ciwon kan safe, ana gano ta da gwajin barci. Sannan ki tambayi kanki: cikin mako biyun nan, yawancin kwanaki zuciyarki a ƙuntace take? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun fita daga ranki? In amsar e ce, ki faɗa wa likita ba kunya. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana da yawa, ya fi samun macen da ke nesa da danginta, ba raunin imani ba ne, kuma sau da yawa da gajiya da ciwon jiki yake bayyana. Wadda tunanin cutar da kanta ko jaririnta ya zo mata, a ranar za ta ga likita.

Ki tattara duk abin da kike sha ko shafawa a leda ki tafi da shi. Maganin mura da na ƙaiƙayi suna sa barci. Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe da mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroid, wanda ke kashe wa jiki ƙarfin haɗa nasa sinadarin, ya bar mace da kasala da suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali a hannun likita. Diklofenak da ibufurofen na kullum suna cin ciki da ƙoda.

In da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, gumin dare, rama ko tarin da ya wuce mako biyu, lissafi ya sauya. A duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da C. Wanda ya sha ɗanyen nonon raƙumi ko na akuya, irin wanda ake sayarwa a bakin hanya a bayan gari, a gwada shi humma maltiyya, zazzaɓin da ake ɗauka daga dabbobi, wadda maganinta haɗin ƙwayoyi ne na aƙalla mako shida. Zazzaɓin dengi da ake samu a Jidda yakan bar mutum da kasala na makonni. Wanda ya dawo daga gida kwanan nan a duba masa zazzaɓin cizon sauro da gwaji, kada a hau shan maganin maleriya da taifot da ka. Akwai kuma gajiyar da ke biyo bayan korona ko wata cutar, wadda alamarta ita ce ɗan aiki kaɗan ya kwantar da mutum washegari ko jibi. Mai wannan ba a tilasta masa motsa jiki, aikin ake rarraba masa daidai ƙarfinsa.

Ranar karɓar sakamako ki tafi da maigida, ya ji lambobin da kunnensa. Ki karɓi takardar ki ajiye, ko ki ɗauki hotonta, kada ki yarda da "komai lafiya" na baki. In an fara miki ƙarfe, ki koma a sake CBC bayan mako huɗu. Idan Hb bai motsa ba, a bi abubuwa huɗu ɗaya bayan ɗaya: ko ƙwayar ba ta shiga kullum, ko shayi da madara suna biye da ita, ko jinin yana ci gaba da zuba, ko hanji ne ba ya tsotsa, kamar yadda ake gani ga masu ƙwayar cutar H. pylori, mai kawo gyambon ciki, da masu rashin jure alkama. Kafin nan, wankin bargo, ɗaukar galan ɗin ruwa zuwa bene da azumin nafila a ɗage miki su, a nemi wanda zai kama miki renon dare ko da sau biyu ne a mako. Allah Ya ƙara sauƙi.